Ina neman Hausar "ilektirolait" kafin Juma'a

Mai Shirin Wasanni: Assalamu alaikum malamai. Ranar Juma'a da ƙarfe 4 zan yi shiri a rediyo nan Jos kan yaranmu 'yan gudun yada ƙanin wani. Suna atisaye a Jos da Pankshin cikin sanyi, mu da muke sama da mita 1,200, sai su sauka Abuja a watan Maris zafi ya kwashe su. Bara a gabana wani yaro ya zube kusa da kilomita 30, sharaɓarsa ta ɗaure tamau, farin gishiri ya bushe a bayan rigarsa kamar an goga alli. Ba na so a sake. Kalmomi uku sun tsaya min: haidireshin, fuwelin, da babbarsu ilektirolait.

Baba Koci: Wa alaikumus salam. Fuwelin ba ya buƙatar taro, guzuri ne. Matafiyi ba ya barin gida sai da guzuri. Abin da jiki ya tara yana kai mutum kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu, daga nan ƙafa ta ƙi. Shi ya sa ake cewa a ci giram 30 zuwa 60 na mai zaƙi ko sitaci kowace awa. Ni dabino nake ƙulla wa yarana a aljihun wando, da ayaba a kan babur ɗin da ke bin su. Ban da fura a hanya, tana zama a ciki.

Anti Nas: Na yarda da guzuri. Haidireshin kuma ki ce "cike ruwan jiki", kishiyarsa "ƙarancin ruwa a jiki", haka muke faɗa a asibiti. Ilektirolait: gishirin jiki. Sodiyam ne da fotashiyam da 'yan'uwansu, kuma sodiyam ya fi fita a gumi, shi ne farin da kika gani a rigar.

Malam Nahawu: Hajiya, gishirin jiki bayani ne, ba suna ba ne. Asalin kalmar kan lantarki take, don sinadaran suna ɗauke da caji, da shi jijiya ke aika saƙo tsoka ta motsa. Na daɗe da ƙirƙiro gishirantarki. Kalma ɗaya, tana karɓar jam'i: gishirantarkai.

Ɗan Bukuru: Malam, da girmanka, idan aka faɗi wannan a rediyo tsohuwata za ta ɗauka wuta ce ke jan mutum. Me ya hana kanwar jiki? Fulani sun san amfaninta, suna ba shanu.

Anti Nas: A'a, don Allah a bar kanwa. Gobe yaro ya jiƙa ta ya ɗura kafin gudu, cikinsa ya ɓaci a hanya, ruwan da ya rage ya tafi.

Malam Nahawu: Kun gani? Haka ake yi in an ƙi bin ƙa'ida. Kullum sai a ce "mutane ba za su gane ba". Wa ya san jirgin sama ko na'ura mai ƙwaƙwalwa kafin a dage a kansu? Ingausa ta cinye gidajen rediyo, kuma a yi haƙuri, a Jos abin ya fi muni. Wanda ke cewa "mata na ya zo" shi zai yanke mana kalma?

Ɗan Bukuru: To an zo wurin. Hausar Jos ita ta haɗa Birom da Angas da Afizere da Bahaushe a kasuwar Terminus, da ita ake wa'azi a masallaci da coci. Yaran da suke gudun nan yawancinsu ba Hausa ce ta gidansu ba, da ita dai koci ke musu magana. Su za a yi wa shirin, ba ɗaliban jami'a ba. Sannan lantarkin da kake riƙewa, ai daga Turanci aka aro shi. Kuma yau mutum nawa ke cewa na'ura mai ƙwaƙwalwa? Kwamfuta ta ci.

Malam Nahawu: Aro da ya bi ƙirar harshe daban, kwasar Turanci ɗanye daban. Lantarki ya zauna, ya zama namu.

Baba Koci: Ku yi wa Allah, baiwar Allah tana da kwana biyu kacal. Ni abin da ke damuna da gishirin jiki ɗaya ne: yaro ya ji, ya je ya lashi gishiri cokali guda.

Anti Nas: Wannan gaskiya ne, sai a haɗa da awo. Iyaye mata sun san ruwan gishiri da sukari na gudawa: lita 1 ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ki fara daga abin da suka sani. Ki kuma faɗi ɗaya ɓangaren, don shi ake mantawa: ɗura ruwa zalla ba iyaka cikin doguwar tafiya yana tsinka sodiyam ɗin jini, sai ciwon kai, amai, ruɗewa, har ya kai ga rai. Su hau sikeli kafin gudu da bayansa, kilo 1 da ya ragu kusan lita 1 ce. Fitsari in ya yi ja kamar shayi, ruwa ya yi ƙasa. Mai hawan jini ya fara ganin likita.

Mai Shirin Wasanni: Allah ya saka. Na ɗauki guzuri da cike ruwan jiki. Zan ce gishirin jiki, in ambaci ilektirolait sau ɗaya don su gane shi a jikin kwalba. Malam, zan faɗi taka a ƙarshe in bar masu kira su zaɓa.

Malam Nahawu: Ban gamsu ba, amma ki je. Sai dai ki ce gishirorin jiki, tunda ba ɗaya ba ne.

Ɗan Bukuru: Gisharen jiki dai na saba ji.

Mai Shirin Wasanni: Jam'in sai bayan Juma'a. Baba, dabino nawa a awa, in rubuta?