Wanda dokar hana acaɓa ta taɓa a Legas, ya faɗa mana abin da ya gani

Baban Sadiƙ, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena na shirin tasowa daga Haɗeja bayan girbi, wai zai zo ya yi acaɓa. Na ce masa Legas ta canza, ya ƙi yarda. Don Allah duk wanda dokar nan ta taɓa ya yi magana, in nuna masa.

Ɗan Sakkwato, Obalende:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni a Obalende da Ikoyi nake nema har ranar 1 ga Yunin 2022, da Gwamna Sanwo-Olu ya hana acaɓa kwata-kwata a ƙananan hukumomin Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland. Babur ɗina na bashi ne, ina biya mako-mako, ban gama ba aka kama shi. Na yi ta sintiri ina roƙo, ƙarshe aka ce yana cikin waɗanda aka murƙushe. Mai babur bai yafe ko sisi ba, kuma ban ga laifinsa ba, shi ma dukiyarsa ce. Da turin baro na sauke bashin nan. Ka ce masa ko zai zo, kada ya kuskura ya karɓi babur bashi.

Maman Hauwa, Idi-Araba:
Mu a watan Satumba na shekarar ta iso mu, da aka ƙara Mushin, Kosofe, Shomolu da Oshodi-Isolo. Tuwo nake sayarwa, yawancin masu ci 'yan acaɓa ne. Suka watse, wasu Ikorodu, wasu Ogun, wasu gida. Na rage tukunya. Kuma ku sani fasinja ma bai tsira ba, dokar ta ce shi da mai babur za su iya shan ɗaurin shekara 3.

Malam Garba, Mile 12:
Gaskiya ɗaya ce, mu ma da namu laifin. Na ga yaro ya sauka daga tirela yau, gobe yana kan babur, bai san hannu ba, yana bin titi a baibai. Da hannuna na ɗauki wata mata da irinsu ya kaɗe. Dokar kuma ba sabuwa ba ce, tun 2012 tsohon Gwamna Fashola ya hana babur hawa tituna 475. Abin da ke ƙona min rai shi ne an rufe wa dubban mutane hanyar abinci ba a tanadar musu wata ba, kuma da yawansu ba wanda ya zaunar da su ya yi musu bayani da Hausa. Sai an kama su suke jin sunan dokar.

Auwalu, Ojota:
Ni na koma kai saƙo da babur mai akwati. An yarda da shi, matuƙar ba ka ɗauki fasinja ba. Amma sai da lasisi, da mai tsaya maka, da iya karanta taswira a waya.

Baban Sadiƙ, Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Auwalu, ya gama sakandare, yana karatu daidai gwargwado. Mai tsayawar nan dole sai ma'aikacin gwamnati, ko ɗan kasuwa irina ma ya isa?