Kowa da rai biyu, ban da wanda ya fi kowa?

Bashir: Salamu alaikum. Kafin mu buɗe gasar eFootball, wasan ƙwallon ƙafa na waya, ta bana, ina da ƙorafi kan tsarin da Yaya Auwal ya kawo. Mu 16 ne, wanda aka ci sau ɗaya ya sauka layin ƙasa, sai an sake cinsa zai fita. Na yarda da wannan. Amma wasan ƙarshe fa? Wanda ya biyo layin sama, ba a taɓa cinsa ba, a doke shi sau ɗaya kofi ya tafi? Wannan zalunci ne.

Auwal: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba ni na ƙirƙiro shi ba. Haka ake yi a The International ta wasan kwamfuta Dota 2, gasar da kuɗin kyautarta ya haura dala miliyan 40 a 2021.

Bashir: Ai ita ce hujjata, Yaya. A waccan shekarar, a Bukarest ta Romaniya, ƙungiyar Invictus Gaming ta jefa ƙungiyar Team Spirit layin ƙasa tun karawar farko. Ƙungiyar PSG.LGD kuwa ta ratsa layin sama babu wanda ya tare ta. Suka haɗu a ƙarshe, Spirit ta ci 3 da 2, shi ke nan. Kowacce an doke ta sau ɗaya, ɗaya ta ɗauki kofi, ɗaya ta koma gida.

Auwal: Ka manta a ranar Spirit sai da ta fara gamawa da Team Secret, sannan ta shigo wasan ƙarshe da gajiyarta, alhali PSG.LGD tana zaune tana nazarin dabarunta. Hutun nan shi ne ladan na sama.

Maryam: Yaya Auwal, hutu lada ne a Dota, inda wasa ɗaya kan ci minti 40. Namu minti 10 ne, wace gajiya? Ku dubi gasar Evo ta wasannin dambe irin su Tekken da Street Fighter. Can wanda ya taso daga ƙasa sai ya doke na sama sau biyu. In ya ci karawar farko, an yi kunnen doki ke nan, a sake sabon lale. Mu me zai hana mu?

Nura: Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya daban ne. Bara ina cin 2 da 0, minti na 80 a agogon wasan, sabis ya ɗauke, waya ta tsaya cak tana ta juya da'ira. Aka rubuta an ci ni. Da wannan faɗuwar na sauka ƙasa. In ba a gyara wannan ba, rai biyun ma na banza ne.

Auwal: Nura, kana da gaskiya. Duk wasan da ya yanke a sake shi daga cin da aka tsaya, a kawo hoton allo. Maryam, ke ma na ji ki. Damuwata kawai masu kallo: in na sama ya ci karawar farko, an tashi ke nan, babu armashi.

Bashir: Don armashin 'yan kallo ba za a tauye wanda ya shafe wata guda ba a ci shi ba, Yaya.

Maryam: A kaɗa ƙuri'a bayan Isha'i. Ni dai ina bayan sau biyu.