Masu haibrid ku taimaka: shan mai da ƙarfin ja a ekspires ɗin Kubwa

Baban Hanan:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riƙe haibrid da hannunsu, ba wanda ya ji labari a majalisa ba. A Kubwa nake zaune, aikina kuma wajen Sakatariya, to kun dai san hanyar, safe da yamma ina kan ekspires. Motata Camry ce 2008 mai silinda huɗu, wallahi ba abin da ta min, amma tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lissafina ya ƙi zama, litar da muke saye ƙasa da naira 200 sai da ta haura 1,000 a 2024, kafin wata ya raba kuɗin mai ya taɓa na cefane. Shine nake tunanin in saida ta in cika kuɗi in ɗauko Prius ko Camry haibrid tokumbo, wato masu haɗa injin fetur da na lantarki.

Abu biyu ne suka tsaya min a rai. Na farko wani abokin aikina ya ce ribar haibrid a cikin gari take, in ka hau ekspires duk ɗaya ne da sauran motoci, to ni kuma rabin tafiyata ekspires ce. Na biyu maganar ƙarfi, an ce Prius in ka taka sai ihu ba tafiya, kuma duk wanda ya san yadda ake shiga babban layi da safe, tifa na tahowa daga Zuba a guje ga 'yan kabukabu na yanke ka, ya san mota mai jinkirin tashi hatsari ce. Ga shi lokaci lokaci nakan kai iyali Jos, ina tunanin Hawan Kibo da mota cike da yara da kaya. Wanda ya sani ya faɗa min gaskiya dan Allah.

Abu Sadiq na Mararaba:
Wa alaikumus salam Baban Hanan. Ni Prius 2012 nake ja, kullum daga Mararaba zuwa cikin gari ta Nyanya, Kugbo, AYA, kaga kenan ni a cikin goslo nake rayuwa. Abokin aikinka bai yi ƙarya ba amma ya zarce da yawa da ya ce duk ɗaya ne. Abin da ke faruwa shine duk sanda ka taka birki motar na mayar da wannan ƙarfin ya zama wuta ta zuba a batir, in ka tsaya cak kuma injin mutuwa yake da kansa, AC na ci gaba da sanyi don kwamfuresanta da wuta yake aiki. Batirin kamar asusu ne, birki ke zuba masa totur ke cira. To a gangaren Kugbo da safe inda ake taku ɗaya a tsaya, ni injina a kashe yake mafi yawan lokaci, ina lallaɓawa da wuta shiru, na kusa da ni kuwa nasa na ta ƙona mai a tsaye yana zafi har wasu su buɗe bonet.

Ka duba alƙaluman da hukumar EPA ta Amurka ta ba motocin, in an mayar da su lissafinmu. Camry ɗinka ta 2008 wajen kilomita 9 a lita cikin gari, 13 a babbar hanya. Camry haibrid ta 2012 wajen 18 cikin gari, 16 da ɗoriya a babbar hanya. Prius ta 2010 zuwa 2015 kuma wajen 21 cikin gari, 20 a babbar hanya. Kaga abin da yake nufi, a cikin gari ninki ne, a ekspires kuma ratar ta ragu musamman a Camry, amma ba ta ɓace ba. Wannan lissafin sabuwar mota ne a ƙasarsu, tokumbo da ta sha tafiya ga zafin Abuja ga AC ba kashewa sai ka rage wani abu a kai, amma tsarin haka yake.

Kuma ai hanyarka ba ekspires ce zalla ba malam, daga cikin Kubwa kafin ka fito titi, da cunkoson wajen Dutse da Gwarinpa da safe, da dawowar yamma, duk wannan abincin haibrid ne.

Maganar ihu gaskiya ce tana yi. Ba ta da giya irin ta ɗaya ta biyu ta uku da za ka ji tana canjawa, in ka danne totur injin zai hau sama ya tsaya a wuri ɗaya yana ƙara, gudun na biyo shi a baya. Wanda bai saba ba sai ya zata kuloci ne ke zamewa, alhali haka aka ƙera ta. Daga tsaye kuwa tashinta da kuzari yake don injin lantarkin ba ya jira, nan take yake ba da ƙarfinsa. Inda za ka ji ta rage shine daga 80 zuwa 110, nan sai ka ba tirela fili ka lissafa kafin ka fita obatekin.

Ɗan Tudun Wada Jos:
Baban Hanan in dai Hawan Kibo na cikin lissafinka da iyali da kaya to ni Camry haibrid zan ce maka, 2012 zuwa 2017, ba Prius ba. Na ja duka biyun a wannan hanyar ta Keffi, Akwanga, Forest har Jos. Prius ƙarfin doki 134 gare ta gaba ɗaya, inji 1.8 da lantarki a haɗe, daga tsaye zuwa 100 sai ta ci daƙiƙa 10 da wani abu. Camry haibrid ɗin kuma inji 2.5 ne, doki 200, ƙasa da daƙiƙa 8 ta kai 100. Taka ta yanzu doki 158 ce, kenan haibrid ɗin ma ta fi wadda kake ja ƙarfi, wannan mutane da yawa ba su sani ba, da an ce haibrid sai a ɗauka duk raggaye ne.

Prius za ta hau Kibo, ba a maganar ba za ta hau ba, ni na hau da ita da mutum huɗu. Amma hawan dogo ne, in ka biyo bayan tirela tana jan jiki kana ta taka kana saki, sai kaga layukan batir a dashbod suna sauka, in suka koma biyu to taimakon wutar ya ragu saura injin 1.8 shi kaɗai yana fama, ga shi Jos tana sama da mita 1,200, iska ta fi sirara kuma kowane injin fetur ƙarfinsa raguwa yake a can. Daidai lokacin ne kuma hanya za ta buɗe maka kana son wucewa, a hanya mai layi ɗaya zuwa ɗaya dawowa ga kwana a gaba. Wannan wurin ba na son a ce mota ta yi min shawara.

In za ka sauko kuma ka sa giya a B. Saukowar nan batir na cika tun ba a je ko'ina ba, in ya cika babu inda za a zuba wutar sai nauyin ya koma kan birkin taya, B ɗin shi ke sa injin ya riƙe motar. Za ka ji ƙara, kar ka tsorata. In ka sauka fili ka mayar D, don barin ta a B a cikin gari asarar mai ce.

Abu ɗaya da zan gaya maka tun yanzu, but ɗin Camry haibrid na waɗannan shekarun ya fi na taka ƙanƙanta don batir ya ci wuri a bayan kujera, in Hajiya mai ɗaukar buhun dankali da akwatuna ce ku je tare ta gani da idonta. Prius kuma ƙasa take sosai, in unguwarku akwai kwazazzabo da damina cikinta zai sha duka.

Maman Ilham:
Ni dai malam kafin ka saida motar da ka san lafiyarta ka zauna da biro da takarda. A ce kana yin kilomita 60 a rana zuwa da dawowa, kwana 22 na aiki, 1,320 kenan a wata. In taka na ba ka 10 a lita, lita 132. In haibrid ta ba ka 16, lita 83. Ragin wajen lita 50 ne a wata, ka buga da farashin yau, sannan ka duba cikon da za ka yi wata nawa zai ɗauka kafin ya dawo. Mu da maigidana da muka buga namu sai muka ga zai kai mu shekaru, saboda tafiyarmu ba ta da yawa, muka haƙura. Kai mai zuwa Sakatariya kullum naka zai fi saurin dawowa, amma ka buga ɗin dai.

Sannan ƙafa. Mutanen Kubwa in hanya ta buɗe bayan sallar asuba 130 suke zubawa, alhali 'yan Road Safety 100 suka ƙayyade wa ƙananan motoci a ekspires. A 130 iska ce kake turawa da man ka, ko wace mota ce, haibrid ɗin ma ba za ta cece ka ba. Ka gwada sati guda a 90 zuwa 100 da wadda kake da ita, ka duba iskar taya, ka ga abin da zai ragu. Akwai kuma masu mayar da irin taka CNG, sai dai tulun na cinye but ga layin gidan gas.

Baban Hanan:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, wallahi na ƙaru. Hajiya lissafin nan zan yi shi daren yau in sha Allah. Raina ya fi karkata ga Camry ɗin yanzu. Saura tsoron batir, don shi ne kowa ke tsorata ni da shi, wai in ya mutu motar ta zama gwangwani. Akwai mai gyara a nan da zai ce wani abu?

Injiniya na Apo:
Alhaji gani. Ba ta zama gwangwani, ana gyarawa ana canjawa, amma kuɗi ne mai nauyi shi ya sa tun wajen saye ake yaƙin. Batirin ba dunƙule ɗaya ba ne, na Prius ƙananan guda 28 ne a jere suna ba da wajen bolt 200, na Camry ɗin guda 34 wajen bolt 245. In ɗaya ya raunana kwamfutar motar na ganewa ta kunna maka gargaɗi, lambar da muka fi gani a sikana ita ce P0A80. Matsalar ita ce wasu masu saidawa goge lambar suke kafin ka zo, dashbod fes, bayan kwana kaɗan ta dawo a hannunka. Don haka kar ka yarda da zagaye ɗaya a layi. Ka zo da mai sikana wanda ya san haibrid, a haɗa na'urar ana tafiya, a hau ekspires a taka sosai a yi birki sosai ana kallon bolt ɗin kowane sashe, in wani na faɗuwa ya bar 'yan uwansa to ka san abin da ke ciki. Ko da ido ma, in layukan batir na cika fal cikin minti biyu su zube cikin minti biyu, kuma injin ya ƙi mutuwa a tsaye, batir ya gaji. Kuma gajiyayyen batir shi ke kawo duka abu biyun da kake tsoro, shan mai ya ƙaru ja ya ragu, yawancin masu cewa haibrid ba ta da ƙarfi irin wannan suka hau.

Abin da ke kashe shi a nan zafi ne da ƙura. Akwai fanka da ke jan iska daga cikin mota tana hura masa, a Prius ƙofar iskar na gefen kujerar baya. Na sha buɗe fankar nan bayan hunturu in tarar ta toshe da jar ƙura da gashi da zaren dadduma har fukafukan ba sa ganuwa, wani kuma ya jingina filo ko jakar makarantar yara a bakin wurin. A riƙa wanke ta, kar a toshe, kuma ka bar AC a kunne don sanyin da kake sha shi batirin ke sha. In da inuwa ka faka a inuwa.

A goslo kar ka sa ta a N, a N ba ta cajin batir, ka bar ta a D ƙafa kan birki ko ka sa P. Kar ka bari mai ya ƙare ƙaf kana cewa wuta za ta kai ka, ba za ta kai ka ko'ina ba. Baƙin mai 0W-20 aka rubuta mata, ba mai kaurin nan da ake aunawa a galan ba. In AC ta samu matsala kar ka kai wa kowane mai gas a bakin titi, man kwamfuresanta daban ne, ND-11, in aka zuba na sauran motoci yana lalata rufin wayoyin ciki motar ta fara kawo gargaɗin wuta. Wayoyin nan masu ruwan lemo kuma ba na riwaya ba ne, suna iya kisa.

Wanda ya nace sai Prius 2010 zuwa 2015 a duba masa EGR, wato hanyar da ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, tana toshewa da baƙin hayaƙi ta jawo ƙonewar gasket, alamarta injin ya riƙa karkarwa da ƙwanƙwasa in an tada shi da sanyin safiya. Camry ɗin kuma kar a haɗa maka da ta 2007 zuwa 2011 don ta fi araha, waccan inji 2.4 ne, wajen 14 take bayarwa a lita, ragin ba zai kai yadda kake nema ba. In ka samu wadda ta kwanta maka ka ce wa mai ita kar ya tada ta kafin ku iso, a sanyi muke son jin ta, sannan mu hau hanyar Airport da ita mu dawo ta Lugbe.