Neman kalma: me za mu kira "genus" da "species"?

Mai Shirin Yara: Assalamu alaikum. Ku taimaka, ranar Asabar zan gabatar da shiri a rediyo kan yadda masana ke rarraba halittu. Na samu sunayen Hausa na wasu matakan rarrabawar na sama: masarauta da aji da dangi. Matakai biyu na ƙasa ne suka gagare ni, genus da species. Da su kuwa ake haɗa sunan kowace halitta tun da Linnaeus, mutumin Suwidin, ya daidaita tsarin suna biyu a 1753: zaki Panthera leo, damisa Panthera pardus; kalmar farko ita ce genus, ta biyun kuma ita ke nuna species.

Malamin Sakandare: Jinsi da nau'i, kamar yadda Larabawa suka yi. Zaki da damisa jinsinsu ɗaya, nau'insu daban.

Mai Fassara: Malam, jinsi ya riga ya tare a wurin mace da namiji. Ka ce wa yaro "jinsin zaki", sai ya tambaye ka zaki ne ko zakanya.

Baba Dattijo: Kullum sai mun tafi aro! Me ya sami "iri"? A ba species iri, a ba genus "tsatso", magana ta ƙare.

Malamin Gona: Baba, a gafarce ni, iri yana da masu shi. Kaura da farafara iri biyu ne a bakin manomi, amma duk dawa ce, Sorghum bicolor. Gero da maiwa ma species ɗaya ne. Idan muka kai iri sama, da me zan yi wa manoma bayanin abin da za su shuka?

Baba Dattijo: Ni dai ba zan koya wa jikokina Larabci da sunan Hausa ba.

Malamin Sakandare: Ranka ya daɗe, littafi da lokaci fa? Ita kanta "kalma" daga ina ta zo?

Ɗan Damagaram: Abin da ke damuna daban. Ku yanke a Kano, sai mu wayi gari ya zama doka. Yaranmu da Faransanci suke karatu, espèce suka sani. An taɓa tambayar mu?

Mai Fassara: Ai ga ka nan, kawo taka.

Ɗan Damagaram: Nau'i bai yi mini nauyi ba. A tambaye mu kawai nake so.

Malamin Gona: Malama, ki kama su da doki da jaki. Dukansu genus ɗaya ne, wato Equus, suna iya haifar alfadari, amma alfadari ba ya haihuwa. Nan ne iyakar nau'i, kuma yaro ya san dabbobin.

Mai Shirin Yara: Allah ya saka. Na ɗauki nau'i, na bar wa manoma iri. Genus kuma zan gwada tsatson Baba, in faɗi kalmar asalin sau ɗaya.

Mai Fassara: Tsatso asalin kakanni ne, ba rukuni ba. Ki yi na Asabar da shi, amma kada a sa a littafi tukuna.

Baba Dattijo: Nau'in nan ban yarda da shi ba. Ƙarfe nawa ne shirin?