Ina ake samun hasashen hawa da saukar farashin zinare da kuɗaɗen waje?

Ga abin da na tsinta a hirarmu ta jiya a Unguwar Rimi. Daga farashin kwangilar zaɓi (options, wato yarjejeniyar da ke ba mutum damar saye ko sayarwa nan gaba a kan farashin da aka tsayar) ake ciro wannan hasashe, saboda haka kasuwarta za a nufa. Zinare da azurfa da sauƙi: akwai ma'aunin CVOL na CME, sai ma'aunin GVZ na Cboe (dukansu kasuwannin irin wannan kwangila ne a Amurka) mai hango kwana 30 a zinare kaɗai. Bayanin da ake samu kyauta dai yakan makara da mintuna.

Kuɗaɗen waje ne da wuya, don yawancin cinikinsu tsakanin bankuna ake yi. Bloomberg, kamfanin bayanan kasuwannin kuɗi, na da hasashensu, amma kuɗinsa ba na ɗan koyo ba ne. Wani dattijo ya ce gara a buɗe asusu da dillali irin Interactive Brokers. Ni ma nan na karkata.