Dan Allah wa ya taɓa haɗa fentin alli da kansa a gida?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ina da wata durowa da madubin kwalliya tun na kayan aurena, katakon lafiyarsa ƙalau ba gara ba komai amma fentin duk ya koɗe ya yi tabo tabo, kuma yanzu kowa ya san kuɗin kayan ɗaki ba a magana. Na ga a YouTube mata suna shafa ma tsofaffin kaya wani fenti mara sheƙi mai laushi kamar alli sai ka ga abu ya dawo kamar daga kanti, wasu ma cewa suke da kansu suke haɗawa da hodar POP. Da gaske yana zama ko bayan wata biyu zai fara ɓarewa? Sannan ina so in yi wa yara baƙin allo a tsakar gida ko sa bar min bango ya huta da zane zane, shin fentin ɗaya ne ko daban? A Kano nake.

Ummu Safiyya:
Wa alaikumussalam Maman Hanif. Yana zama sosai wlh, kabad ɗin kicin ɗina da shi na yi kuma har yau yana nan. Na asalin wata 'yar Ingila ce Annie Sloan ta fito da shi a 1990, amma ko kin samu a nan tsadarsa za ta sa ki fasa, gara na haɗi.

Yadda nake yi, gwangwanin madara ɗaya na POP, gwangwani ɗaya na ruwa mai sanyi, gwangwani uku na fentin ruwa wato emolshan irin na bango. Kar ki kuskura ki zuba hodar kai tsaye cikin fenti, gudaji zai yi miki wanda ba ya fashewa. Ki fara tankaɗe ta da rariya, ki dama da ruwan har ya yi sumul kamar za ki yi kunu, sannan ki juye cikin fentin kina motsawa. Kuma kaɗan kaɗan za ki dinga haɗawa daidai wanda za ki shafe a zama ɗaya don POP da ya ji ruwa ya fara kamawa kenan, balle da zafin nan namu, in kin ajiye zuwa gobe sai dai ki zubar. Ragowar kuma kar a wanke a sink ko a zuba a bututun banɗaki yana daskarewa ya toshe, ki bar shi ya bushe a roba ki ɓamɓare ki kai shara.

Fentin mai ba ya haɗuwa da wannan ko kaɗan, na ruwa kawai. Shafa biyu ya isa, ki bar na farko ya bushe sosai kafin ki ƙara. Na farkon zai yi muni ki ga zanen buroshi da katakon yana leƙowa, kar hankalinki ya tashi haka yake, na biyun ne ke rufewa.

Baban Khalifa Fenta:
Hajiya abin da Ummu Safiyya ta faɗa daidai ne, sai dai a wuri ɗaya ba na tare da masu bidiyon nan, inda suke cewa ba sai an goge katako ba a shafa kawai. Nasu kayan da namu ba ɗaya ba ne. Yawancin kayan auren da ake yi a nan MDF ne, wato garin katako da aka matse ya zama allo, da aka liƙa wa leda mai sheƙi ko fomaika a sama, ko kuma an fesa masa fentin mai ya sha kyalli, irin wannan in ba ki kashe masa sheƙin ba da farce ma yaro zai kankare miki aikin.

Ki fara wanke shi da ruwan omo da tsumma a matse sosai, don gaban madubin mata man shafawa da turare duk sun zauna a jiki kuma fenti ba ya kama maiƙo. In ya bushe ki bi shi da samfefa mai lamba 180 ko 220 sama sama, ba wai ki cinye katakon ba, sheƙin kawai za ki kashe. In mai leda ne ki duba gefe gefe inda ta ɗago ki mayar da gam, sannan a sa faraima, wato fentin ƙasa da ke sa na sama ya kama, shafa ɗaya. Kofar Ruwa za ki samu duk waɗannan, POP ɗin ma ana aunawa ba sai kin sayi buhu ba, amma ki sa hannu ki ji, in akwai dunƙule dunƙule masu tauri a ciki ya sha laima, ki bar musu kayansu.

Wani abu kuma da nake so kowa ya ji, tsohon fentin mai wani yana da dalma a ciki musamman ja da rawaya, ƙurarsa guba ce ga yara. A waje za ki goge, ki jiƙa samfefar kaɗan don kar ƙura ta tashi, ki sa takunkumi, yara su yi nisa, in kin gama ki goge wajen da jiƙaƙƙen tsumma ba shara da tsintsiya ba. Mai ciki kam kar ta yi wannan aikin, ta ba wani.

Malama Hadiza:
Ni kan allon zan yi magana don shi ne aikina kullum. Ba ɗaya ba ne 'yar uwa. Na durowa ana rufe shi da kaki ko banish a ƙarshe, shi kuma allo in kika sa masa kaki kin kashe shi, alli zamewa zai dinga yi ba zai rubutu ba.

Ki je 'yan katako na Na'ibawa ko wajen kafintan unguwarku a yanko miki filawud mai santsi ko MDF, kamar ƙafa biyu da ƙafa uku ya ishi yara ƙanana, ki ce ya goge miki gefen kar sartse ya soke su. Fentin ruwa baƙi kofi ɗaya, sai cokali biyu babba na hodar nan da masu tayil ke cike tsakanin tayil da ita, mai laushin ba mai yashi ba. Ki dama sosai. Da ƙaramar rola ya fi fita sumul, shafa uku siriri siriri, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, tsakani ki bi da samfefa mai laushi. Zai ɗan yi haske ya koma kamar toka toka saboda hodar, ba matsala ba ce. Kore mai duhu ma yana kyau, ni na fi son shi a ɗakin yara.

Inda mutane ke ɓata allonsu shi ne gaggawa. Ki ba shi kwana uku kar kowa ya taɓa, ki ɓoye shi ma in kin san halin yaranki. Ranar da za a fara amfani ki kwantar da alli a gefensa ki murje allon gaba ɗaya ya yi fari fat, sannan ki goge da busasshen tsumma. In ba ki yi haka ba rubutun farko da aka yi zai zauna a jiki, ko an goge za ki dinga hango shi kamar inuwa.

Kuma dan Allah kar wanda ya ce miki ki fasa tsohon batirin tocila ki shafa baƙin abin da ke cikinsa kamar yadda muka yi a firamare. Mun yi ne don ba a gaya mana ba, abin cikin nan sinadari ne kuma yaro hannu a baki yake. In allon ya koɗe ki ƙara shafa ɗaya kawai.

Maman Hanif:
Kai masha Allah na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Nawa mai leda ne kam Baban Khalifa, yanzu na je na duba gefen har ya fara ɗagowa. Anti Ummu Safiyya shi wannan kakin fa a ina ake samu? Kuma allon zan iya barinsa a tsakar gida ko ruwa zai lalata shi?

Ummu Safiyya:
Kakin zuma ne, ki tambayi masu sayar da zuma suna da shi. Kaso ɗaya na kaki, uku ko huɗu na bebi oyil, ki zuba a gwangwani ki ɗora gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi har ya narke, kar ki ɗora kan wuta kai tsaye yana iya kamawa. In ya huce zai yi kamar basilin. Ki lakata kaɗan da tsohuwar singileti ki murza, ki jira ya ɗan sha iska ki sake gogewa da tsumma mai tsabta har sai kin daina jin danƙo a hannu. Za ki ga kalar ta ɗan ƙara duhu ta zauna. Amma in fari za ki yi ki gwada a bayan durowar tukuna don kakin yana ɗan sa rawaya rawaya. Saman durowar kuma inda za ki dinga ajiye kwalaben turare da mai ni dai banish na ruwa mara sheƙi zan ce ki sa, kaki ba ya jure wannan, kuma yana laushi in rana na dukan wajen.

Baban Khalifa Fenta:
Allon kar ki bar shi fili Hajiya, MDF in ya sha ruwa kumbura yake kamar burodi kuma ba ya komawa. In a tsakar gida kike so to filawud za ki saya, ki shafe bayansa da gefunansa ma da fenti, ki rataye shi ƙarƙashin rumfa inda feshin ruwa ba ya kai wa, da damina a shigar da shi ɗaki. Ko kuma in gidanku ne ba haya ba ki zaɓi wani gefe na bangon da aka yi wa filasta mai santsi, ki zagaye da tef ki shafa fentin a nan kai tsaye, ƙasa ƙasa daidai tsayin yaran. Ranar da za ki yi aikin ki duba gari, in ƙurar hunturu ta taso ki bari sai ta lafa ko ki yi shafar fentin a cikin ɗaki taga a buɗe kaɗan, in ba haka ba duk sai ta manne a ɗanyen fentin.