Sojan laima ya maƙale a bayan jirgi: a yanke igiyar ko a jawo shi?

Ɗan Kurmi:
Salamu alaikum jama'a. Wani bidiyo na gani a Facebook, sojoji na dirowa daga jirgi bi da bi, sai ɗaya ya fita, laimarsa ba ta buɗe ba, shi kuma bai faɗo ba. Igiya ta riƙe shi, iska sai maka shi take da jikin jirgin. Nan bidiyon ya yanke. Abin da ya ɗaure min kai, ga laima ta biyu a ƙirjinsa, me ya hana shi buɗe ta? Na cikin jirgin kuma ba su da wuƙa ne?

Baba Saje:
Wa alaikumus salam ɗana. Wannan laima ta biyu da kake so ya buɗe, ita ce ajalinsa in ya taɓa ta yana ɗaure. Jirgi na jan shi gaba da gudun kusan kilomita 240 a awa, laima ta cika da iska tana jan shi baya. Jikin ɗan Adam ne a tsakani. Tana kuma iya naɗewa a wutsiyar jirgin, kowa ya shiga uku.

Na yi kwas ɗin laima a Jaji, bari in fayyace maka. A irin wannan diro ba kai kake buɗe babbar laimarka ba. Akwai igiya daga jakar bayanka, kana maƙala ƙugiyarta a wata waya da ke miƙe cikin jirgin. Ka fita, igiyar ta miƙe, ta zaro laimar, wani siririn zare ya tsinke, ku rabu da jirgi. Tsawon igiyar ƙafa 15 ne a jirgi irin C-130. Maƙalewa na zuwa ne in igiyar ta bi ta ƙarƙashin hammata ta naɗe hannu, ko ta sarƙe da jakar kaya ko bindiga. Galibi daga fita da sanyin jiki ne, ko ba a duba mutum da kyau ba kafin ya isa ƙofa.

Aikin wanda ya maƙale ɗaya ne: ya dunƙule jikinsa, ya haɗe ƙafafu, ya rufe mariƙin laimar ko-ta-kwana, wato ta biyun, da hannu kada ta buɗe bisa kuskure. Sauran na jami'in da ke ƙofa ne. Zai tsayar da diro, ya leƙa ya ga me ya riƙe shi. In kayansa ne suka maƙale a jirgin, a yanke kayan, babbar laima ta buɗe yadda ta saba. In igiyar ce, akwai injin da ke naɗo igiyoyi cikin jirgin, da shi ake jawo mutum. Sai ya gagara ake yankewa, shi ma sai an tabbata yana cikin hayyacinsa. Wanda ya suma wa zai buɗe masa ta biyun?

Malama Tarihi:
Sannu da ƙoƙari Baba. Ɗan Kurmi, ga wanda ya faru tun kafin a tanadi waɗannan injuna. Ranar 15 ga Mayu, 1941, a San Diyego ta Amurka, wani ƙaramin hafsan sojan kundumbala mai suna Walter Osipoff yana jagorantar atisayen diro, laimarsa ta buɗe tun yana cikin jirgi ta fizge shi waje, ta sarƙe a wajen wutsiya. Ya rataye kai ƙasa, igiyoyi a ƙafarsa. Na ciki suka kasa jawo shi, sauka da shi kuma kisa ne.

Wani matuƙin sojan ruwa, William Lowrey, ya hango daga ƙasa. Shi da makanikinsa John McCants suka tashi da ƙaramin jirgi mai buɗaɗɗen wurin zama, suka lallaɓa ƙarƙashin babban jirgin har McCants ya rungumo shi. Kafin ya gama da igiyoyin iska ta ɗaga jirginsu, farfelarsu ta datse su, ta haɗa da guntun wutsiyar babban jirgin. Minti 33 Osipoff ya yi a rataye, ya samu karaya a haƙarƙari da ƙashin baya, amma ya warke. An ba Lowrey da McCants lambar yabo.

Ɗan Kurmi:
Ikon Allah! To Baba, in ya suma, injin kuma ya ƙi aiki fa?

Baba Saje:
Turawan Ingila sun yi wa wannan dabara, suna ce mata HUPRA. Wata laima ce ta daban da ake ajiyewa cikin jirgin. Sai a ɗaura ta a wayar da igiyarsa ke maƙale, a datse wayar, sabuwar laimar ta buɗe ta sauko da shi ko bai motsa ɗan yatsa ba. A ganina gara ita da jawowa, don mai jawowa yana kusanto da mutum jikin jirgi ne, wurin da ya fi buguwa. Sai dai ba kowace runduna ke da ita ba.

Abin da Malama ta kawo kuma, kada ka ɗauka tsari ne. Jarumta ce da nisan kwana, babu kwamandan da zai sa hannu a sake gwada shi yau.